Bakin Cizal da Ya Yi Shuɗi

Ofishinmu yana saman bene, a ƙasansa kuma akwai shagon wani dattijon kafinta. Mu shida ne, sana'armu rubuta manhajar kwamfuta, kuma shekara uku ke nan muna aiki da ƙarar zarto da guduma a ƙarƙashin ƙafafunmu. Mun saba har ba ma jin ta. A bara ne wata sabuwar ƙara ta shigo cikin tsofaffin: Baba, kamar yadda duk mutanen layin ke kiransa, ya sayi giranda, injin nan na lantarki mai zagayayyen dutse, don wasa cizal da bakin filen.

Wata safiya muka sauko duba teburin da muka ba shi aiki, muka tarar da shi riƙe da cizal a saitin hasken ƙofa. Yaronsa, wanda ba zai wuce shekara 17 ba, yana tsaye yana murmushi, don ya wasa cizal huɗu cikin 'yan mintuna, aikin da a da yake cinye masa rabin hantsi a kan dutse.

"Matso ka duba," in ji Baba. "Wane launi ka gani a bakin nan?"

"Shuɗi-shuɗi, Baba. Amma fa yana da kaifi, har takarda na yanka da shi."

"Takarda ba katako ba ce. Je ka sa shi a maɗacin can, ka dawo ka ba ni labari."

Yaron ya ɗauki cizal da guduma. Sara na farko ya shiga kamar a sabulu, na biyu ma haka. Kafin a kai na goma bakin ya lanƙwashe, ya fara murje itacen maimakon yanka shi. Baba bai yi faɗa ba. Ya karɓi cizal ɗin ya ce, "Injin ya yi abin da ka sa shi. Kai ne ba ka ji lokacin da ƙarfen ya ce ya isa ba."

Muka koma sama da wannan magana, ba mu san cewa nan da 'yan watanni za ta zama tamu ba.

Ga abin da ya faru da cizal ɗin. A masana'anta ana gasa ƙarfen har ya yi ja, a tsoma shi cikin mai ko ruwa ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, don kada taurin ya yi yawa ya riƙa ɓantarewa. Wannan daidaito shi ne ran cizal. Irin girandar Baba tana juyawa kusan sau 2,900 a minti ɗaya. Idan faɗin dutsenta milimita 150 ne, to gefensa yana wuce bakin ƙarfen da gudun da ya haura kilomita 80 a awa. Bakin cizal kuwa siriri ne, ba shi da kaurin da zai shanye zafi. Cikin daƙiƙa kaɗan sai ya yi ruwan ɗorawa, ya yi ƙasa-ƙasa, ya koma shuɗi, alamar zafi ya kai wajen digiri 300. A nan taurin ya tafi, kuma tsoma shi a ruwa bayan haka ba ya dawo da shi. Magani ɗaya ne: a cinye duk wurin da ya ƙone har a kai ga lafiyayyen ƙarfe. Cizal ya rage tsawo, shekarun aikinsa sun ragu.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne ƙonannen baki yana da kaifi. Yana ƙyalli, yana yanka takarda, yana cin duk gwajin da mai gaggawa zai yi masa. Sai ya haɗu da aikin gaske yake tona asirin kansa.

Tambayar da muke son mu tattauna ita ce: idan inji ya karɓi wani aiki daga hannunmu, me ya rage a wuyanmu? Shin akwai laifi a barin inji ya yi abin da hannu ke yi, ko kuwa kukan da ake yi a kan haka kewar jiya ce kawai?

Bari mu fara da ba injin haƙƙinsa. Mu da muke zaune a ƙarƙashin fanka muna danna kwamfuta ba mu da bakin cewa kafinta ya koma gugar dutse don abin ya fi burge mu. Idan cizal ya ci ƙusa ya ɓantare, gyara bakinsa da hannu yana iya cin awa guda, giranda kuwa ta gama cikin mintuna. Awar nan kuɗin cefane ce, kuma gaɓoɓin yatsun dattijo ne. Wahala ita kaɗai ba ta tsarkake aiki. Sau da yawa wanda ke yabon wahalar sana'a ba shi ne ke shan ta ba. Baba da kansa, da muka tambaye shi ko ya yi nadamar sayen injin, dariya ya yi ya ce da ya samu tun yana saurayi da yanzu bayansa bai ranƙwafa ba.

Kuma wannan kuka tsoho ne. Aflatun, masanin falsafar Girka, ya kawo labarin wani sarkin Masar da aka gabatar masa da fasahar rubutu, sai ya ƙi yaba ta, yana ganin za ta kashe hadda, ta bar mutane da kamannin ilimi. Mun san labarin ne a yau don an rubuta shi. A fagenmu ma, lokacin da ayarin John Backus na kamfanin IBM ya fitar da harshen Fortran a 1957, ƙwararru da yawa ba su yarda cewa inji zai iya fassara umarni zuwa harshen kwamfuta da kyau kamar yadda suke yi da hannu ba. Yau babu ɗaya daga cikinmu shida da ke rubuta manhaja da wancan tsohon salo, kuma babu wanda ya cutu. Zamani riga ne, in ji Bahaushe. Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce Baba ya bar yaro ya ƙona cizal biyu ko uku, zai koya.

Sai abin ya zo kanmu.

Wata ƙungiyar adashin 'yan kasuwa ta ba mu aikin manhajar da za ta riƙa lissafa zubin kowane wata, ta kuma ɗora tara a kan wanda ya makara. Tun da aka saki ChatGPT a Nuwamban 2022, irin waɗannan manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira suka zama girandarmu. Ka faɗa musu abin da kake so, su rubuto maka cikin daƙiƙa. Ƙaraminmu a ofis, wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, shi muka ba sashen lissafin kwanan wata. Ya gama kafin azahar. Muka gwada, komai ya tafi daidai. Muka yaba masa, muka miƙa aiki.

Wata biyu babu ƙorafi. A wata na uku, wanda ya faɗo cikin azumi, aka kira mu cewa manhaja ta ci tarar mutum goma sha ɗaya da suka rantse sun yi zubi. Muka kwana biyu muna bincike kafin mu gano. Kwamfutar da ke ajiye bayanan tana aiki da agogon duniya, wanda agogon Najeriya ke gabansa da awa ɗaya. Duk wanda ya tura kuɗi tsakanin ƙarfe 12 na dare da ƙarfe 1 a ranar ɗaya ga wata, sai manhaja ta rubuta shi a watan da ya wuce, sabon wata kuma ya fito babu zubinsa. A sauran watanni mutane suna barci a wannan lokaci. A azumi kuwa idonsu biyu, kasuwa na ci.

Cikin mutanen akwai wata uwa mai sayar da atamfa. An karanta sunanta a taron ƙungiya cikin waɗanda suka makara. Mun mayar da kuɗin tara, mun rubuta takardar ban haƙuri, amma karanta sunan da aka yi a gaban mutane ba shi da maɓallin gogewa. Da muka je ba ta haƙuri, abin da ta ce kawai shi ne, "'Ya'yana, shekara ashirin ban taɓa makara ba."

Wa ke da laifi? Injin ya rubuta abin da aka tambaye shi. Yaronmu ya gwada, gwaji ya wuce. Mu manya, da kowannenmu ya taɓa shan wuyar bambancin agogo a shekarun da muke rubuta komai da hannu, da mun karanta layukan nan da idon basira da mun gani cikin minti biyar. Ba mu karanta ba, don aikin yana ƙyalli kuma ya yanka takarda.

A nan muka fahimci abin da Baba yake nufi. Mai wasa cizal a kan dutse yana samun abu biyu a lokaci guda, ko da bai sani ba. Na farko kaifin cizal. Na biyu sanin kaifi: yatsansa yana koyon jin ɗan siririn gashin ƙarfen da ke tasowa a bayan baki idan wasa ta kai, kunnensa yana koyon bambanta ƙarar dutse idan kwanciyar bakin ta kauce daga wajen digiri 25 zuwa 30 da ake so, idonsa yana koyon cewa baki mai kaifi ba ya mayar da haske, dakusasshe ne ke walƙiya. Dutse yana da jinkirin da zai ba jiki damar koyon duk wannan, kuma kuskure a kansa ƙarami ne, ana gyara shi kafin ya girma. Giranda tana ba da abu na farko ta riƙe na biyu. Tana iya wasa cizal, amma ba za ta taɓa gaya maka cewa cizal ya dakushe ba, ko ya ƙone, ko ya isa haka.

Shi ya sa injin da ke hannun Baba da wanda ke hannun yaronsa, ko da yake ɗaya ne, aikinsu ya bambanta. Baba yana taɓa ƙarfen a dutsen da sauƙi, ya ɗaga, ya tsoma a gwangwanin ruwa, ya ɗora yatsa kusa da baki don ya ji ɗumi. Shekara arba'in na dutse ne ke riƙe da hannunsa. Yaron ya gaji injin, bai gaji shekarun ba.

Wata masaniyar halayyar ɗan'adam 'yar Birtaniya, Lisanne Bainbridge, ta yi rubutu a kan wannan tun 1983. Ta lura cewa idan aka miƙa wa inji aikin yau da kullum, abin da ake bar wa mutum shi ne mafi wuya, wato karɓar ragama ranar da inji ya gaza, alhali rashin yin aikin kullum ya riga ya dakusar da hannun da zai karɓa. Ranar 31 ga Mayu, 2009, jirgin Air France mai lamba 447 ya taso daga Rio de Janeiro zuwa Paris. Ƙanƙara ta toshe na'urorin auna gudunsa, matuƙin inji ya saki ragama, matuƙan suka kasa gane halin da jirgin ke ciki, ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228. Cikin abubuwan da masu binciken Faransa suka nuna akwai ƙarancin horo a kan tuƙa jirgi da hannu a can sama. Tsakanin cizal da jirgin sama akwai nisa, amma ciwon iri ɗaya ne.

To me ya sa Fortran bai cutar da mu ba, wannan kuwa ya cutar? Amsar tana cikin injinan wasa su ma. A Suwidin akwai kamfanin Tormek, wanda ya faro a 1973, yana ƙera injin wasa mai dutse faɗin milimita 250 da ke juyawa sau 90 kacal a minti, ƙasansa cikin ruwa. Gefen dutsen yana tafiya da gudun mai tafiya a ƙafa, ga kuma maƙalin da ke riƙe cizal a kwanciyar da aka saita. Da wuya ƙwarai ka ƙona ƙarfe a kansa. Kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin kafintocinmu, amma darasinsa kyauta ne: inji iri biyu ne. Akwai wanda aka gina shi yadda kuskurensa zai yi wuya, in ma ya faru a gan shi nan take. Irin wannan ana iya sakar masa aiki a manta, kamar yadda muka sakar wa manhajar da ke fassara umarninmu, wadda in ta ga abin da ba ta gane ba sai ta tsaya ta yi ƙorafi. Akwai kuma wanda saurinsa ya fi saurin ganewarmu, kuskurensa kuma yana fitowa sanye da rigar daidai. Giranda a hannun sabon shiga tana cikin wannan aji, haka ma basirar da ke rubuta mana manhaja, wadda ke kawo daidai da kuskure da murya ɗaya, ba tare da ko ɗar ba.

Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowane inji guda biyu ce. Idan ya yi kuskure, wa zai gane? Idan ba a gane ba, wa zai biya?

Tambaya ta biyu ce ta mayar da maganar ta zama ta amana. Duk wanda ya taɓa yanka ragon layya ya san an hore mu da wasa wuƙa don a sauƙaƙa wa dabba. Kaifin yana hannun mai yanka, amma amfaninsa na wanda ke ƙarƙashin wuƙar ne. Haka abin yake a kowace sana'a. Wanda ya sayi ƙofa ba zai taɓa ganin cikin ramin da aka sassaƙa aka haɗa katakon ba. Idan dakusasshen cizal ya murje ramin, gam da fenti za su rufe, sai bayan damina biyu ƙofa ta fara jan ƙasa. Mai atamfa ba za ta taɓa karanta layin da ya ci ta tara ba. Ta ba mu amana ne daidai a wurin da idonta ba ya kaiwa. Lokacin da inji ya rage mana, mu muka ci ribarsa. Hatsarin da ya ƙaru kuwa ita muka tura wa, ba tare da mun tambaye ta ba. Ko da babu wanda ya yi niyyar cuta, wannan rabo bai yi adalci ba.

Akwai kuma amana ta biyu, wadda ta fi ɓoyuwa: ta yaron da ke koyo. Mu manya mun sami sanin kaifi a matsayin gyara a kan wahalar da ba mu da zaɓi sai mun sha. Yanzu wahalar ta zama zaɓi, gyaran kuma ya daina zuwa da kansa. Idan muka bar na bayanmu da inji kawai, za su fi mu sauri shekara biyar, sannan ranar da muka tsufa a rasa mai duba bakin cizal a saitin haske. Abin da a da yake zuwa kyauta, yanzu sai an ware masa lokaci da kuɗi da gangan. A Japan akwai wurin ibada na Ise da ake sake gina shi sabo duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, karo na 62. Cikin amfanin wannan al'ada akwai cewa sana'ar ba ta mutuwa: wanda ya yi aikin yana yaro zai sake yin sa yana gwani, ya kuma koya wa wani. Sun yarda su biya tsadar gini don kada ilimin ginin ya yanke.

Ba za mu ɓoye cewa maganar tana da ɗaci ba. Yaron Baba yana da abokai a wasu shaguna da ba a sa su gugar dutse, suna gama kujeru da wuri, suna samun na kashewa. Yaronmu na ofis yana da tsararraki da ke fitar da manhaja uku a lokacin da muke sa shi ya yi ɗaya. Kasuwa tana biyan abin da ta gani a yau, ƙofar da ba ta ja ƙasa ba bayan shekara biyar kuwa babu mai zuwa ya ƙara maka kuɗi a kanta. Shin adalci ne mu ɗora wa yaro jinkiri a duniyar da ke tsere? Mun yi ta juya wannan. Abin da muka tsaya a kai shi ne: idan jinkirin wajibi ne, to mai shago ne ya kamata ya ɗauki nauyinsa, kada a cire shi daga aljihun yaro. Wanda ya ci ribar inji shi zai biya kuɗin dutse.

Baba ya riga mu yanke hukunci. Bai sayar da giranda ba. Ya ce ita ce za ta riƙa gyara bakin da ya ɓantare da fitar da kwanciyarsa, da gwangwanin ruwa a gefe, amma ƙarshen wasa a kan dutse za a yi, da hannu, kuma yaron ne zai yi kowace safiya kafin a taɓa katako. Cizal ɗin da ya ƙone kuwa bai jefar ba. Ya sa yaron ya cinye shuɗin da kansa, a hankali, yana yi yana tsomawa, har lafiyayyen ƙarfe ya fito.

Mu ma ba mu daina amfani da injinmu ba, kuma ba mu da niyyar dainawa. Amma mun kafa doka biyu. Babu layin da zai fita daga ofishin nan sai wanda ya kawo shi ya iya bayanin abin da yake yi da bakinsa, da kuma inda zai iya karyewa. Sannan duk abin da ya shafi kuɗin mutane ko sunansu, sai mutum biyu sun karanta shi, ɗaya babba ɗaya ƙarami, suna zaune wuri ɗaya. Wannan ya sa muna ƙara kwanaki a kan alƙawarin da muke ba masu aiki, kuma ya taɓa sa wani ya kai aikinsa inda aka ce masa mako ɗaya ya isa. Mun ji zafin rasa shi. Albashin yaronmu kuwa bai ragu ba.

Makon jiya muka tarar da yaron Baba shi kaɗai a shago, ya kashe giranda, ya ɗaga bakin filen a saitin hasken ƙofa yana juya shi. Muka tambaye shi me yake nema.

"Walƙiya, Yaya," ya ce. "In na gan ta, to da saura."

Ya ɗiga mai a kan dutse, ya ci gaba.